Wa Ke Riƙe Da Fayil Ɗin? Fashin Baƙi Kan Kullewar Excel Idan Ana Aiki Daga Nesa

Ranar ƙarshen wata, bayan sallar isha'i, akawun wani dillalin taki da maganin feshi a Sabon Gari ya kira ni, ransa a ɓace. Yana gida a Tudun Wada, ya shiga kwamfutar ofis daga nesa don ya haɗa lissafin wata kafin Alhaji ya nema da safe, sai Excel ta ce fayil ɗin kaya a kulle yake, wani yana ciki. Sunan da ta nuna na yaron da ke kula da sito ne a reshensu na Giwa. Aka kira yaro, ya rantse tun la'asar ya tashi daga aiki, kwamfutarsa ma tana cikin jaka a rataye. Akawu ya ce mini, "Malam, ko dai yaron nan yana ɓoye wani abu, ko kuma fayil ɗin ya lalace." Na ce ya dakata, kada ya goge komai, kada ya kashe komai. Yaron bai yi ƙarya ba, fayil bai lalace ba, Excel ma ba ta yi kuskure ba. Shekarun da na yi ina bin ƙananan ofisoshi a Zariya ina gyara, daga shagunan magani zuwa makarantun kuɗi, sun nuna mini cewa asarar da ake yi a wannan matsala galibi daga gaggawar kawar da saƙon take fitowa.

Bari mu ɗauko zancen daga tushe. Idan ka buɗe Remote Desktop a kwamfutar da ke gabanka ka shiga ta ofis, babu wata Excel da ke aiki a hannunka. Taka tana aika abin da ka danna da motsin maus, waccan tana maido maka da hoton fuskarta. Lissafin da fayil ɗin da manhajar duk suna can Sabon Gari. Kwamfutar ofis tana buɗe maka abin da zan kira zama, wato wani ɗaki naka kai kaɗai a cikinta, mai ɗauke da sunanka da izininka da duk abin da ka buɗe. Windows 10 ko 11 nau'in Pro mutum ɗaya take zaunarwa a lokaci guda, shi ya sa in ka shigo daga gida fuskar ta ofis take kulle kanta. Nau'in Home ba ta karɓar baƙo ta wannan ƙofa sam. Windows Server kuwa, wadda muke kira saba, tana ba masu kula da ita zama biyu, in an saya mata lasisin Remote Desktop Services sai ta ɗauki ma'aikata da yawa, kowa da ɗakinsa. Irin wannan ce a ofishin dillalin. AnyDesk da TeamViewer, da suka fi yawa a hannun 'yan kasuwarmu, galibi fuskar da ke kunne suke nuna maka, ba sa ware maka ɗaki na daban.

Ga inda gizo ke saƙar. Fita daga ɗakin nan iri biyu ce, kuma a ido kamar ɗaya suke. In ka danna alamar X a saman taga, ko ka rufe murfin kwamfuta, ko sabis ya ɗauke, ko aka ɗauke wuta na'urar intanet ta mutu, igiyar da ke tsakaninku ce kawai ta tsinke. Ɗakin yana nan yadda ka bar shi, Excel a buɗe, fayil a hannunta, har adadin buhunan da ka fara rubutawa ba ka ƙarasa ba yana jiranka. Da gangan aka tsara shi haka, kuma ga mu da sabis ke yanke mana sau da yawa a wuni, wannan rahama ce, don da kowace yankewa tana rushe zama da babu mai iya aiki daga Giwa ko Soba. Fita ta gaskiya ita ce ka adana aikinka, ka rufe Excel, ka je Start na cikin kwamfutar nesan ka danna Sign out. Wannan shi ne kwashe kaya da maida makulli. Yaron Giwa sabis ne ya yanke masa dab da la'asar, ya gwada komawa sau biyu abu ya ƙi, ya ga ai ya kusa gamawa, ya rufe murfi ya tafi masallaci. A wurinsa ya tashi. A wurin saba yana zaune har bayan isha'i.

Shi kullen kansa ba cuta ba ne. Da Excel za ta bar mutum biyu su rubuta a fayil ɗaya da ke foldar ofis, wanda ya adana a ƙarshe zai shafe aikin ɗan'uwansa ba tare da kowa ya sani ba. Don haka mutum na farko da ya buɗe shi ke da alƙalami, saura sai kallo. A daidai lokacin Excel tana ajiye wani ɗan ƙaramin fayil ɓoyayye a gefen na ainihin, bai kai kilobait ɗaya ba, sunansa yana farawa da alamomin ~$ sannan sunan fayil ɗin. A cikinsa take rubuta sunan mai riƙe, daga nan take karanto sunan da take nuna wa mai zuwa na biyu. To amma a lura, sunan da aka saka a cikin Excel ne take ɗauka, wanda ke ƙarƙashin File, Options, General. Masu saka manhaja a shagunan kwamfuta sukan bar shi yadda ya zo, sai ka tarar ofis guda kowa sunansa User ko Admin. Ranar da aka ce Admin ne ke riƙe da fayil, ba ka san wa za ka kira ba. Gyaran wannan bai fi minti ɗaya ba a kowane asusu, kuma shi nake fara yi duk ofishin da na shiga. Akwai kuma wanda zai ga sunansa ne aka ce yana riƙe, hankalinsa ya tashi ya ɗauka an shiga asusunsa. Yawanci ya bar fayil ɗin a buɗe ne a kwamfutar teburinsa da inbata ke riƙe da ita, ya zo gida ya shiga saba yana neman buɗe shi karo na biyu.

Abin yi, in kai ne mai kula da sabar, shi ne ka buɗe Task Manager a cikinta ka duba shafin Users. Za ka ga kowa da halin zamansa, waɗanda igiyarsu ta tsinke an rubuta Disconnected a gaban sunansu. Mai son baƙar taga, wato Command Prompt, yana iya rubuta quser ya ga jerin nan tare da lambar kowane zama da tsawon lokacin da ya yi babu motsi. A nan ne hannu yake ƙaiƙayi, don maɓallin korar mutum yana nan a kusa, dannawa ɗaya kulle ya buɗe. Ina roƙon masu wannan aiki su yi haƙuri su ɗaga waya tukuna. Korar zama tana rufe Excel da ƙarfi, duk abin da mutumin ya rubuta bai adana ba yana iya tafiya. A daren nan na kira yaron da kaina na ce, "Ƙanena, fito da kwamfutar ka nemi inda sabis yake, ka koma ciki ka adana ka fita yadda ya kamata." Ya fito ƙofar gida ya haɗa da wayarsa, ya shiga, ya tarar da shigarwar motar taki ta ƙarshe tana nan bai adana ba. Da an kore shi, da lissafin watan ya fita da giɓin mota guda, kuma da safe shi za a tsare da tambayar ina kayan suka shiga. Sai an nemi mutum an rasa, kuma aikin ba zai jira ba, sannan a kore shi, a kuma sanar da shi don ya duba abin da ya ɓace.

Akwai wata hanyar kaucewa da ta fi korar illa, ita ce kuma aka fi bi. Saƙon kullen yana ba da zaɓin buɗewa don karatu kawai, ko a sanar da kai in mai riƙe ya saki. Mutum sai ya buɗe don karatu, ya yi gyaransa, Excel ta hana shi adanawa da tsohon suna, sai ya adana da sabo. Yanzu littafin kaya ya zama biyu. Gobe yaron sito ya ci gaba da na farko, akawu ya ci gaba da na biyu, bayan mako uku adadin buhuna ya saɓa, babu mai iya cewa ga inda aka rabu. Na ga an ci mutuncin ma'aikaci mai amana a kan irin wannan, aka kira shi ɓarawo a gaban abokan aikinsa, alhali fayil ne ya rabu gida biyu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. In dole ce ta sa ka yi kwafi, sa kwanan wata da sunanka a jikinsa, ka rubuta a takarda layukan da ka taɓa, ka mayar da su cikin na ainihin da zarar an saki, sannan ka fitar da kwafin daga foldar.

Wani lokaci kuma za ka duba ka ga babu kowa a zaune, fayil kuma ya ƙi sakuwa. Sai ka je kwamfutar da foldar take a cikinta, ka buɗe Computer Management, ka shiga Shared Folders, sannan Open Files. Wannan jeri ba ya dogara da sunan da aka saka a Excel, asusun da ke riƙe da fayil ta hanyar netwok yake nunawa kai tsaye. Sau da yawa za ka tarar wata kwamfuta ce a ofis da aka manta da ita a kunne. Akwai kuma wani ɓoyayyen mai laifi, wato ɓangaren dama na tagar folda da ke nuna cikin fayil kafin a buɗe shi. Wannan leƙen yana iya riƙe fayil ɗin har Excel ta ce wani na ciki, kuma Alt da P suna kashe shi. In duk an duba babu mai riƙe, sai a waiwayi ɗan fayil ɗin nan mai ~$. Idan wuta ta ɗauke wa saba ko Excel ta mutu ba shiri, yakan rage a foldar kamar takalmin da baƙo ya manta a zaure, mai shigowa ya ɗauka mai shi na ciki. A sa folda ta nuna ɓoyayyun fayiloli, a goge shi shi kaɗai. A dubi sunan da kyau kafin a danna, don alamomi biyu ne kacal suka raba shi da na ainihin.

Ana iya umartar saba ta rufe zaman da aka bari da kanta bayan wani lokaci, ta cikin Group Policy, inda ake shimfiɗa wa Windows dokoki, a sashen iyakokin lokacin zama na Remote Desktop. Na ga masu sa minti 5 ko 10 saboda sun gaji da ƙorafi. A ƙasar da wuta da sabis suke tsaye wataƙila hakan ya yi, amma a nan mutum yana iya shafe rabin awa yana jiran a tada janareta, ya dawo ya tarar an rushe masa ɗaki da aikinsa a ciki. Ni awa 3 nake sawa, ya isa mutum ya dawo, kuma zaman da aka manta ba zai kwana ya wuni ba.

Kulle ke nan. Rukuni na biyu na saƙonnin shi ne wanda Excel ke cewa ba ta ga fayil ɗin ba, ko ba za ta iya isa gare shi ba, kuma a nan tambayar ita ce a wace kwamfuta kake tsaye. Wata Hajiya mai kula da kuɗin makaranta a Samaru ta taɓa ce mini, "Ɗana, na ajiye shi a Desktop da hannuna, yanzu babu shi." Yana nan, amma a Desktop na kwamfutarta ta gida, ita kuma tana nema a na saba. Faifan C da kake gani a cikin zama na kwamfutar nesa ne. Naka na gida ba ya bayyana sai ka ba da izini kafin ka shiga, a shafin Local Resources, ƙarƙashin More, ka zaɓi faifan. Daga nan zai fito da adireshi mai farawa da \\tsclient\C. Wannan gada tana da amfani wajen tsallakar da fayil, amma ban yarda a zauna a kanta ana aiki ba. In ka buɗe fayil kai tsaye ta nan, Excel tana Sabon Gari, fayil yana Tudun Wada, kowace adanawa sai ta bi ta sabis ɗin wayarka. In ya yanke a tsakiyar adanawa, gadar ta ɓace, Excel ta rasa inda za ta sauke kayanta. Kwafo fayil ɗin zuwa cikin saba, yi aikinka, in ka gama ka mayar.

Haka abin yake ga haruffan da ake laƙaba wa foldar ofis, irin su Z ko S. Harafin ba na kwamfutar ba ne, na asusun da ya laƙaba shi ne. Z ɗin akawu na iya zama foldar lissafi, Z ɗin yaron sito ta zama wata daban ko babu ita gaba ɗaya. Ko a asusu ɗaya, manhajar da aka buɗe da ikon mai gudanarwa ba ta ganin haruffan da aka laƙaba a zaman yau da kullum. Inda wannan ya fi cizo shi ne fayil mai jawo adadi daga wani fayil. In an ɗaura mahaɗin da Z, ko mafi muni da tsclient, a wurin mutum ɗaya kawai zai yi aiki, saura su ga gargaɗi ko su ci gaba da kallon tsofaffin adadi suna zaton na yau ne. Cikakken adireshi, mai farawa da sanda biyu da sunan saba da sunan folda, shi ne ɗaya a wurin kowa. A shiga Edit Links, ko Workbook Links a sababbin Excel, a ƙarƙashin Data a ga inda kowane mahaɗi ya nufa, a gyara.

Sai matsalar da ta fi rikita masu gyara kansu: fayil ya buɗe lafiya, an yi aiki, an zo adanawa ya ƙi. Dalilin yana cikin yadda Excel ke adanawa. Ba ta rubutu a kan tsohon fayil kai tsaye. Tana fara ƙirƙirar sabon fayil na wucin gadi a cikin foldar, mai suna na haruffa da lambobi 8 marasa ma'ana, ta zuba komai a ciki, in ta tabbata ya kammala sai ta kawar da tsohon ta laƙaba wa sabon sunansa. Hikima ce, don in wuta ta ɗauke a tsakiya tsohon na nan bai taɓu ba. Amma hakan na nufin mai adanawa yana bukatar izinin ƙirƙira da gogewa da sauya suna a foldar. Sai maigida ya ce wa mai gyara, "Ka ba su damar rubutu amma ka hana su gogewa, kada wani ya share mini lissafi." Niyya mai kyau ce, sakamakonta kuwa shi ne adanawa ta riƙa tsayawa a rabi, folda ta cika da waɗannan fayiloli masu baƙin suna. In ka gan su kada ka yi saurin sharewa, wani lokaci aikin da ake kuka ya ɓace yana cikin na baya-bayan nan, in an kwafe shi aka sa masa .xlsx a ƙarshe sai ya buɗe. Izinin da ya dace shi ne Modify. Kuma ƙofofin izini biyu ne, na rabawa ta netwok da na foldar kanta a shafin Security, in an zo ta netwok wanda ya fi tsauri a cikinsu shi ke aiki. Shi ya sa mutum ɗaya zai iya adanawa in yana cikin saba, ya kasa in ya zo daga teburinsa. Abin da ba na so shi ne mai gyara ya gaji ya buɗe wa kowa da kowa cikakken iko. Saƙon zai ɓace, amma albashin ma'aikata ya zama a buɗe ga duk wanda ya shiga netwok ɗin. Maganin tsoron gogewa shi ne ajiyar kwafi kullum a wani wuri daban. Manhajar kashe ƙwayoyin cuta ma takan cafke fayil ɗin wucin gadin tana bincike a daidai lokacin da Excel ke son sauya masa suna. A sabunta ta ko a daidaita ta, kada a kashe ta.

Akwai ƙananan dalilai da ba sa bukatar dogon bayani. Nau'o'in Excel da suka daɗe a ofisoshinmu ba sa buɗe fayil in cikakken adireshinsa, daga sunan saba zuwa ƙarshen sunan fayil, ya wuce haruffa 218, kuma folda cikin folda cikin folda tana cinye wannan da wuri, musamman in an bi ta tsclient. Matsar da shi sama ko rage suna ya wadatar. Excel ba ta buɗe fayil biyu masu suna ɗaya a lokaci guda ko da foldarsu daban. Fayil da ya zo ta imel ko aka sauko da shi daga WhatsApp na kwamfuta yana iya zuwa da tambarin cewa daga intanet yake, sai ya buɗe a kulle da gargaɗi a sama, kuma tun 2022 Microsoft ta fara toshe makro, wato ƙananan umarnin da ake dasawa a cikin fayil don su yi aiki da kansu, a irin waɗannan fayiloli kai tsaye. In ka san wanda ya aiko kuma ka tabbata shi ne, Properties na fayil ɗin yana da wurin Unblock. Foldar ofis ma in aka shige ta da lambar IP maimakon sunan saba, Windows na iya ɗaukarta baƙuwa. Sannan lasisi: Microsoft 365 a sabar da mutane da yawa ke zama tana bukatar irin kunnawar da aka tanada don kwamfutar tarayya, in babu sai ta bar ka ka karanta ta hana ka gyara, kai kuma kana ta zargin fayil.

Ga wata da ta shafi masu ɗan rubuta umarni. Wani matashi da ke taimaka wa wani kantin magani ya tsara aikin da zai buɗe Excel da kansa kowane dare ya fitar da rahoton ciniki. In yana cikin zama yana kallo, komai ya tafi daidai. Da ya fita ya bar wa Task Scheduler, mai tada ayyuka a lokacin da aka sa masa, sai a wayi gari da saƙon cewa Excel ba ta iya isa ga fayil ba. Excel manhaja ce da aka gina don mutum yana zaune a gabanta, in aka tashe ta babu kowa takan nemi foldar Desktop ta asusun tsarin ta rasa. Maganin da masu sana'ar suka daɗe da sani shi ne a ƙirƙiri folda wofi mai suna Desktop a cikin C:\Windows\System32\config\systemprofile, da wata a C:\Windows\SysWOW64\config\systemprofile in Office ɗin mai bit 32 ce a kan Windows mai bit 64. A kuma tuna aikin dare ba ya ganin harafin Z, sai cikakken adireshi. Yana aiki, amma Microsoft da kanta ta ce ba ta goyon bayan a riƙa tuƙa Office haka babu mutum, kuma kowane dare da aikin ya maƙale yana iya barin wata Excel a ɓoye tana riƙe da fayil har safe. Na ba shi shawara ya koma ga kayan aikin da ke rubuta fayil ɗin xlsx kai tsaye ba tare da tada Excel ba.

In an riga an yi ɓarnar, an kori zama ko wuta ta kashe saba, ba a yanke ƙauna nan take. Excel tana ajiye kwafin ceto duk minti 10 in ba a sauya mata ba, ni nakan mayar da shi 3. Kwafin yana cikin asusun mutumin a kwamfutar nesa, don haka shi ne zai shiga da sunansa ya buɗe Excel ya duba gefen hagu, ba mai gyara da nasa asusun ba. In fayil ɗin ne ya ƙi buɗewa, a fara kwafe shi gefe, sannan a gwada Open and Repair a kan kwafin.

Saƙo ɗaya ne nake so kowa ya ji tsoronsa. In ba fayil ɗaya ba ne, duk fayilolin folda ne suka ƙi buɗewa a lokaci guda, sunayensu sun sami wani baƙon ƙari a ƙarshe, ga kuma wata takarda da ba ka san ta ba tana neman kuɗi, wannan ba kulle ba ne, masu garkuwa da bayanai ne suka shigo. A zare wayar netwok daga sabar nan take, kada a jona faifan ajiya, a kira wanda ya san aikin. Remote Desktop tana sauraro a ƙofa mai lamba 3389, kuma duk ofishin da ya buɗe wannan ƙofa kai tsaye ga intanet, dare da rana akwai na'urori daga ko'ina a duniya suna gwada kalmomin sirri a kanta. A watan Mayun 2019 aka bayyana ramin da ake kira BlueKeep, wanda ke ba da damar shiga tsofaffin Windows irin su Windows 7 ta wannan ƙofa ba tare da kalmar sirri ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, amma har yau ina tarar da ita a kan tebura a garin nan. A sa VPN a gaba, wato killatacciyar hanyar da sai an bi ta kafin a isa netwok ɗin ofis, kowa da asusunsa da kalmar sirrinsa mai ƙarfi, a daina asusu ɗaya da duk ofis suka haddace.

Wasu za su ce me ya sa ba za a koma OneDrive ko SharePoint ba, inda sababbin Excel ke barin mutane da yawa su rubuta a fayil ɗaya a tare, ko Google Sheets. Ga ofishin da ke da intanet tsayayye da kuɗin biyan lasisi, hanya ce mai kyau, ina kuma ba da shawararta. Ga dillalin takin ba ta yi ba a lokacin, saboda fayil ɗinsu cike yake da tsofaffin makro da suka dogara da foldar ofis. Abin da muka yi shi ne muka raba littafin: kowane reshe da nasa fayil da shi kaɗai ke rubutu a ciki, akawu da nasa da ke jawo adadi daga gare su ta cikakken adireshi. Kowa ya sami asusunsa, aka gyara sunaye a Excel, aka sa awa 3, aka manna takarda a jikin kowace kwamfuta mai nuna inda Sign out yake. Sabis ɗin Giwa bai daina yankewa ba. Amma yanzu in ya yanke, yaron yakan kira akawu ya ce, "Yallaɓai, zamana na nan a buɗe, akwai mota biyu da ban adana ba, a ba ni zuwa magariba." Akawu kuma sai ya ci gaba da lissafin reshen Soba kafin ya dawo.